'Yan Kunnen Innarku

Nasiru da Rabi, da ku jikokina da za ku karanta wannan wata rana, yanzu na iso shekarar da Innarku Kulu ta rasu. Na daɗe ina kewaye ta. Na ba ku labarin ƙuruciyata, na ba ku na koyon gyaran rediyo, na ba ku na ranar da na kafa rumfata a kasuwar Bodinga da tebur ɗaya da ƙarfen dalma. Yanzu babu sauran inda zan kewaya. Abin da dangi suka sani shi ne ni na ɗauke ta daga asibiti a Sakkwato na kai ta ƙauye ta mutu. Haka ne, ni na ɗauke ta. Amma ba daga nan maganar ta fara ba.

Kun san sana'ata ta yi ta sauya riga a hannuna. Rediyo ya wuce, kaset ya wuce, wayar hannu ta zo na bi ta, duk da ido ya fara ja baya. Abin da ban taɓa ɗauka da daraja ba shi ne iyafis ɗin nan mara waya, wanda samari ke cusawa a kunne suna tafiya suna surutu su kaɗai. In an kawo mini shi wai ya ƙi caji, sai in ce a je a sayi wani, domin an manne shi da gam ne, ba a yi shi don a buɗe ba. Ban san akwai ranar da zan zauna a kansa ina gyara ba.

Ciwon ƙoda ya daɗe yana cin Kulu a hankali, muna zuwa Sakkwato ana duba ta muna dawowa. A shekarar nan, bayan an cire albasa, zafi ya fara tsanani, ta fita shanya sai ta faɗi a bakin ƙofa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannun hagu kuma ya koma rawa, ko kofi ba ya riƙewa. Allah ya bar mata harshenta da hankalinta. Aka kwantar da ita a asibiti a Sakkwato, aka fara yi mata wankin ƙoda, ni da ƙanwarta Hassi muna jinya. Nasiru, kana Abuja wurin aiki, kana zuwa kana komawa, ka tsaya a kan maganinta tsayuwar da ban taɓa ganin ɗa ya yi irinta ba. Rabi, kina Fatakwal da juna biyu, likita ya hana ki doguwar tafiya. Sai waya ta zama ita ce hanyar da ta rage tsakaninta da ku. Amma ba ta iya riƙe wayar, sai dai a buɗe murya a ajiye mata a ƙirji, ga ɗakin cike da marasa lafiya da masu jinya, kowa na ji. Kun san Innarku da kunya. Duk abin da aka tambaye ta, amsa ɗaya ce.

"Lahiya lau nike. Ku dai ku yi ta addu'a."

Kai ka lura da haka, Nasiru. Da ka zo sai ka kawo mata iyafis farare guda biyu a cikin ɗan akwatinsu, ka haɗa su da wayarta, ka sa mata a kunne da hannunka. Ta juya kai hagu da dama, ta yi dariyar da muka kwana biyu ba mu ji ba.

"Malam, ka gani? Da tsufana an sai man 'yan kunne."

Sunan da suka ci ke nan a bakinmu. Daga ranar ta samu ɗakinta a cikin ɗakin mutane. Takan juya fuska bango ta yi ta magana da Rabi ƙasa-ƙasa, tana koya mata abin da mai ciki za ta ci da wanda za ta bari. In an ɗora ta a kan injin wankin, karatun Alƙur'ani take saurare har a gama, idonta a rufe.

Wata safiya Hassi ta fito da su daga akwatin ta sa mata, shiru. Ta mayar, ta jona, ta jira, ta sake fitowa da su, shiru. Kulu ta dube ni.

"Kai da ka gyara na duniya, ga nawa."

Na ɗauke su na fita baranda inda haske yake. Yadda na saba da kowane abu da ya ƙi caji, daga bango nake farawa. Na sauya soket, na sauya kan caja, na ari igiyar wani mai jinya. 'Yar fitilar akwatin ta kama, na gane ba daga shi ba ne. Sai na leƙa ramukan da 'yan kunnen ke kwanciya. A gindin kowane rami akwai 'yan ƙarafa biyu masu ruwan zinariya, su ke taɓa jikin ɗan kunnen su ba shi wuta. Duk sun dushe. Gumi da dauɗar kunne da man kaɗen da Hassi ke shafa mata sun haɗu sun yi musu rufi. Na roƙi wata nas ɗigon sifirit da auduga, na naɗa a tsinken sakace, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa, na bar su suka bushe. Da na mayar da na hagu, jan hasken caji ya kama nan take. Na dama ya ƙi. Na ga ƙarfe ɗaya ya nutse ya maƙale, na sa bakin allura na taso shi har ya dawo yana motsi. Duk da haka ya ƙi. A nan na san batirinsa ne, kuma wannan ba aikin baranda ba ne.

Na hau mota na dawo Bodinga, na buɗe rumfar da na daɗe ban buɗe ba. Na ɗumama gam ɗin, na bi tsagar da reza a hankali har ya rabu biyu. Batirin bai kai ƙwayar wake ba, ya kumbura. Na tono wasu tsofaffin iyafis da wani ya bari a rumfar bai dawo ba, na gwada batiransu da mita, na samu ɗaya mai sauran rai. Wayoyin da zan liƙa ba su fi gashin kai kauri ba. Na ɗora gilashin ƙara girma a kan tabarau, na ɗauki ƙarfen dalma, na gwada ban dace ba. Na ajiye, na je na yi alwala, na dawo. Sai da la'asar ta wuce kafin in ga ja ya kama a gefen dama.

Da na koma washegari na tarar an sauko da ita daga injin tun ba a gama ba, jininta ya faɗi. Ba shi ne karo na farko ba. Likitan da ke duba ta, mutum mai gaskiya, ya ja ni gefe ya ce zuciyarta ba ta ɗaukar wankin kamar da. Za su ci gaba in muna so, yana iya ƙara mata kwanaki, amma kada in sa rai da warkewa. Na shiga na zauna kusa da ita na nuna mata 'yan kunnen, ina so in ga ta yi murna. Ta ce in sa mata ɗaya, in sa ɗayan a kunnena, in kira Rabi. Na yi yadda ta ce.

"Rabi, babanki na ji. Ina so ku ji ni ku biyu, don kar wani shi ce ba haka nac ce ba. Na gaji. Ina so a kai ni gidanmu."

"Inna, wane gida? Bodinga?"

"Gidan da anka haihe ni. Wurin Yaya Bello. Ina so in ga gero ya hito."

Rabi, kika fashe da kuka a cikin kunnena. Ban taɓa jin kukan ɗiyata kusa haka ba tun kina goye. Na ce, "Kulu, ki yi haƙuri mu ƙara gwadawa. Yaron ga ya ce zai mai da ke babban asibiti a Abuja."

"Shi na ka tsoro, Malam. In yaj ji ni nac ce, zai zo shi durƙusa gabana shi yi kuka, ni ko ba ni iya ce mai a'a. Sai in mutu cikin mota ko bisa injin ga. Ku bar shi shi ɗauka kai ne. Kai kana iya ɗaukar hushinai, ni ba ni iyawa."

Na sake komawa wurin likita, na je wurin wani malami da nake yarda da shi na tambaye shi ko akwai laifi. Ya ce in masana sun ce magani ba ya warkarwa, mai ciwo kuma da hankalinsa ya ce a bar shi, ba a tilasta masa. Na dawo na same ta tana kallon ƙofa. Tun da na aure ta, Kulu ba ta taɓa roƙona wani abu don kanta ba, ko zane. Na je na sa hannu a takardar sallama.

Ƙauyensu yana gaba da Kajiji, a ƙasar Shagari, inda kwalta ta ƙare sai hanyar ƙasa. Kawunku Bello ya share mata ɗakin tsohuwarsu, mai taga da ke kallon gona. Damina ta faɗi, gero ya tsiro. Nasiru, kai kuma ka iso bayan kwana kaɗan da mota, ranka a ɓace. A zaure ka same ni, ka gaishe ni a tsaye.

"Baba, kai ka ɗauke ta?"

"Ni na ɗauke ta."

"Ba ka ko kira ni ba? Mi na rage ku da shi? In gajiya ka yi da jinya, ai sai ka faɗa man in zo in karɓe ka."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Ka shiga wurinta ka durƙusa, kamar dai yadda ta ce za ka yi. Ta rufe ido, ta ce maka, "Abin da babanka yag gani shi ne daidai." Ka kwana biyu kana lallashi, hutunka ya ƙare, ka koma. Da za ka tafi ka yi wa kowa sallama har yaran gidan, ni ka ɗaga mini hannu daga cikin mota.

A ƙauyen babu wutar lantarki, sabis kuma sai a wuri ɗaya, kan katangar da ke bayan ɗakinta. A nan muke ɗora wayar, mu danne ta da dutse, ita kuma tana kwance a ciki da 'yan kunnenta, maganar na isowa ta taga. Ba don su ba, da babu yadda za ta ji muryarku. Sai rayuwata ta koma hidimar caji. Da farko ina hawa babur zuwa Shagari wurin mai cajin sola, in zauna in jira. Daga baya na ɗauko ƙaramin faifan sola daga rumfata na ɗora kan rumbu. In hadari ya rufe rana, sai in yi ta duban sama. Murfin akwatin ya saki, ba ya danne su yadda za su taɓa ƙarafan, na naɗe 'yar takarda na cusa a ciki, na ɗaure da roba. Kullum da safe ina goge su da auduga. Na hagu ya fara mutuwa, na buɗe shi ban samu abin da zan sa masa ba. Ya rage na dama, mai tsohon batirin da na dasa.

Ta ji daɗin kwanakin nan, wannan ina so ku sani. Jikinta ya kumbura, numfashi na yi mata wuya, amma matan da suka yi wasan ƙasa tare suna zuwa su zauna, ana ambaton mutanen da suka shuɗe, tana gyara musu sunaye. Ta sha furar gidansu. Takan sa a jingina ta da taga bayan ruwa ya ɗauke, ta yi ta kallon geron yana kaɗawa. Kai kuma, Nasiru, ka daina kiran wayata, amma kullum bayan la'asar kana kiran tata.

Ranar da nake so in ba ka labarinta, tun safe ta ce mini, "Yau zan hwaɗa mai. Ba ni tahiya in bar ku haka." An yi kwanaki ana hadari. Na jona ɗan kunnen tun hantsi, fitila ta nuna kore, na ɗauka ya cika. Batirin da ya tsufa yakan yi haka, ya nuna ya ƙoshi alhali bai riƙe komai ba. Ka kira, na ɗora wayar a katanga, na sa mata a kunne, na koma bakin ƙofa na zauna. A tsakar gida ana daka. Na ji ta amsa gaisuwarka, na ji ta ce ka saurara kada ka katse ta. Ta tsaya tana tara numfashi. Kai ɗan fari ne, tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai ta ce yaron ga. Ranar ta kira sunanka.

"Nasiru. Ni nac ce a kawo ni, ba babanka ba. Ya roƙe ni in zauna, na ƙiya. Na ɓoye maka don na san kana iya juya ni, ni ko na gaji, ɗana. Ba ka rage ni da komi ba. Abin da ɗa ka yi ma uwa, ka yi, ka wuce. Na yahe maka duniya da lahira. Ka riƙe ƙanwarka. Babanka ko, ya ɗauki kayan da ba nashi ba, ka sauke mai. In ka zo, ka zauna kusa da shi ka ci abinci."

Ta tsaya tana jiran amsarka. A daidai lokacin Hassi ta leƙo daga tsakar gida.

"Malam, waya na ta magana ita ɗai bisa katanga tun ɗazu."

Na tashi da gudun da ban san ina da shi ba. Ɗan kunnen ya mutu tun tana tara numfashi, maganar ta koma kan wayar, kana can kana ta kiran "Inna, Inna" babu mai ji saboda dakan. Na ɗauka na ce, "Nasiru, tsaya." Na san abin da ka zata, ka zata ni na karɓe wayar don kada ka shawo kanta. Ka kashe. Na kira, na sake kira, ba ka ɗauka ba, daga baya sabis ɗin ma ya ɗauke. Na koma ɗaki na durƙusa na cire mata shi.

"Mi yac ce?"

"Bai ji ba, Kulu. Caji ya ƙare."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi fushi ba, gajiya ce kawai a fuskarta.

"To. Ka gyara, gobe in Allah ya kai mu sai in sake."

Kafin magariba na hau babur zuwa Shagari, na bi masu gyaran waya har na samu wanda ya ba ni batir mai kyau, na dasa shi a teburinsa. Washegari ya cika, cikar gaskiya. Amma Kulu ta wayi gari harshe ya tafi. Da ka kira bayan la'asar na sa mata a kunne, kana magana, hawaye na bin gefen fuskarta, leɓenta na motsi babu sauti. Ta ji ka sarai, Nasiru. Duk abin da ka faɗa mata ranar, ta ji. Bayan kwana biyu, da hantsi, Allah ya karɓi abarsa, Hassi na riƙe da kanta, ni ina karanta mata kalmar shahada. Aka rufe ta a maƙabartar ƙauyen kusa da tsohuwarta. Rabi ta haihu ba a yi arba'in ba.

Bayan addu'ar bakwai na kira ka gefe na fara ba ka labarin nan. Ban kai ko'ina ba ka ɗaga hannu.

"Baba, don Allah kar ka ɗora ma wadda ba ta iya amsawa. A bar maganar."

Rabi ma ta gwada, ka ce tana kare ni ne. Sai muka bari. Shekaru sun wuce a haka. Ba ka taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ka bar ni da yunwa ko ciwo ba, kowace Sallah kana zuwa da iyalinka. Amma a tsaye kake gaishe ni, in an kawo abinci ka ce ka ƙoshi. 'Ya'yanka sun lura, ƙaramar ta taɓa tambayata ko babanta tsorona yake ji. Ban ga laifinka ba. Ɗan da ya so uwarsa haka, dole zafin ya nemi inda zai sauka, kuma ni na yarda ya sauka a kaina. In da za a mayar da ni bakin gadon nan na asibiti, abin da na yi shi zan sake yi. Sai dai ban san zai yi tsawo haka ba.

Maganar da ta yi maka ranar nan ba tawa ba ce, taka ce, kunnena kawai ta faɗa. Na riƙe ta ina maimaitawa a zuci don kada tsufa ya ci mini ko kalma ɗaya, ga shi na rubuta maka ita yadda ta fito daga bakinta. Hassi na raye, ta ji ƙarshenta daga bakin ƙofa, kana iya tambayarta. Ni dai na isar. Allah ya jiƙan Kulu, ya haskaka kabarinta, ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Kai kuma, in Allah ya kawo ka Bodinga ina da sauran numfashi, ba sai ka ce mini komai ba. Ka cire takalmi ka shigo ciki, tabarmar tana da faɗi.